Darasi na 7: Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Keken Hawan Dutse

A cikin kekunan gwanjo da ake kawowa kasuwanninmu daga ƙasashen waje akwai wani iri mai kaurin taya, mai miƙaƙƙen kai, mai giya da yawa, wanda sau da yawa za a tarar an jingine shi a bayan rumfa saboda tsatsa ta ci kacarsa ko kuma birkinsa ya daina kamawa. Shi ne keken hawan dutse. Wannan darasi zai nuna yadda mutum zai zaɓi irin wannan keke, ya kwance shi, ya wanke, ya mayar, sannan ya gyara shi daidai da bukatarsa a lokacin da ya sami sarari daga aikin gona ko na kasuwa. Aikin bai fi ƙarfin mai haƙuri ba, amma yana da tsari, kuma tsarin shi ne a gama da abin da ido ba ya gani, wato boris (ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da sassan keke ke juyawa a kansu) da birki da kaca, kafin a taɓa gwangwanin fenti.

Asalin keken

An fara irin wannan hawa ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, inda wasu samari suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekunan Schwinn masu kaurin taya suna gangarowa da su daga dutsen Tamalpais. A 1976 suka soma tseren gangara, a 1977 kuma Joe Breeze ya ƙera firam na musamman domin wannan hawa, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, wanda yana cikin kekunan hawan dutse na farko da aka ƙera da yawa domin sayarwa. Kekunan da suka fito daga lokacin zuwa tsakiyar shekarun 1990 su ne muke nufi da tsofaffi a nan. Yawancinsu firam ɗinsu na ƙarfe ne, ƙafafunsu inci 26, kayansu kuma ba su da sarƙaƙiya, shi ya sa suka dace da hanyar burji da ta rairayi, kuma mai gyaran keke na bakin titi yana iya taimakawa idan aiki ya cije.

Dubawa kafin a biya kuɗi

A nan ne ake cin riba ko a tafka asara, saboda haka kada a yi gaggawa. Kaca da taya da wayar birki duk ana sayen sababbi, amma firam ɗin da ya lanƙwashe ko ya tsage ya gama yawo. A fara duba bututu biyu da suka haɗu da wuyan keke, a shafa su da yatsa ta ƙasa. Idan aka ji tudu, ko aka ga fenti ya yi tamoji ko ya tsattsage a zagaye, alama ce keken ya taɓa yin karo ta gaba, kuma gara a bar shi komai arharsa. A tsaya a gefe a dubi fok, wato ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba: ya kamata samansa ya bi layin wuya sak, kada ya koma baya.

Akwai gwaji mai sauƙi da zare. A ɗaura zaren a inda ƙafar baya take shiga ta dama, a zagayo da shi ta gaban wuya, a dawo da shi a ɗaure a gefen hagu, sannan a auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Idan tazarar ta zo ɗaya, firam ɗin a miƙe yake, idan kuwa wani gefe ya fi wani sosai, to, bayan keken ya karkace. Yana da kyau kuma a tafi da ɗan maganaɗisu. Idan ya manne, firam ɗin ƙarfe ne, wanda mai walda zai iya yi wa ƙaramin gyara, idan kuwa bai manne ba, mai yiwuwa alminiyam ne, wanda ya fi sauƙin nauyi amma gyaransa ba na kowane mai walda ba ne. Tsatsar da ke bisa fenti ba abin tsoro ba ce, sanfefa za ta kawar da ita. Wadda ta huda bututu ko ta sa ƙarfe yana ɓarewa ita ce ta hana ciniki.

Abu ɗaya da masu saye suka cika mantawa da shi shi ne sandar sirdi. A sassauta notin da ke riƙe ta, a kama sirdin a murɗa. Sandar alminiyam da ta shekara da shekaru a cikin bututun ƙarfe ba tare da giris ba takan manne har ta zama kamar tare aka ƙera su, kuma fitar da ita na iya cin kwanaki ko ma ya lalata firam. Idan ta ƙi motsi a gaban mai sayarwa, wannan hujja ce ta rage kuɗi sosai ko ta haƙura baki ɗaya. Daga ƙarshe a kifa keken, a karanta lambar da aka buga a ƙarƙashin inda sandar feda take juyawa, a rubuta ta a takarda, a kuma nemi rasit mai ɗauke da ita, domin kada a wayi gari da rigimar kayan sata.

Kwancewa da wankewa

Kayan aikin da ake bukata su ne sifana masu lamba 8 zuwa 17, da alanki masu lamba 4 da 5 da 6, da sukundireba, da filaya, da tsohon buroshin haƙori, da tsumma, da kananzir, da giris. A shimfiɗa buhu ko tabarma mai haske kafin a fara, domin ƙwayar boris da ta faɗa cikin rairayi ba ta cika dawowa ba. Wanda ke da waya mai kyamara ya ɗauki hoton kowane sashe kafin ya kwance shi, kuma kayan kowane sashe a zuba su a gwangwaninsu dabam.

A nan karatun haruffa zai yi amfani. A jikin kowace feda akwai harafi: R na nufin dama, L na nufin hagu. Fedar dama ana kwance ta yadda aka saba kwance kowane noti, amma ta hagu haƙoranta a juye suke, saboda haka ana kwance ta ne ta ɓangaren da aka saba ɗaurewa. An yi haka ne domin kada tuƙi ya riƙa kwance ta a hanya. Mutane da yawa sun cinye haƙoran hannun feda saboda rashin sanin wannan, suna ta danna sifana da ƙarfi alhali ƙara ɗaurewa suke yi. Haka ma murfin da ke gefen kaca a gindin sandar feda, a yawancin waɗannan kekuna a juye yake kwancewa.

Wankin kayan ƙarfe da kananzir ake yi, ba da fetur ba, domin fetur yana kama wuta da ƙaramin tartsatsi. A yi aikin a fili, nesa da murhu da yara.

Boris

Manyan wuraren da keke ke juyawa a kan boris huɗu ne: cibiyar ƙafar gaba, da cibiyar ƙafar baya, da wuya, da gindin feda. A tsohon keke giris ɗin waɗannan wurare yakan bushe ya haɗu da ƙura ya zama baƙin ƙulli, kuma shi ne ke sa keke nauyin tuƙi ko da tayarsa cike take da iska. A kwance cibiya ta gefe ɗaya kawai, a bar ɗaya gefen a ɗaure domin sandar ta koma daidai inda take. A ƙirga ƙwayoyin yayin fitar da su. A mafi yawan cibiyoyi, ta baya tana da manyan ƙwayoyi 9 a kowane gefe, ta gaba kuma tana da ƙanana 10 a kowane gefe, kuma ba a cakuɗa su. Bayan wanki a duba hanyar da ƙwayoyin ke bi. Idan santsi take tana ƙyalli, lafiya lau, idan kuwa ta yi ƙananan ramuka, a canza abin da ya ci. Ƙwayoyin kansu ba su da tsada, kuma ra'ayina shi ne a zuba sababbi duk lokacin da aka buɗe tsohon keke.

Mayarwa ita ce ke bukatar natsuwa. A cika kwanon da giris, a jera ƙwayoyin a ciki su manne, a mayar da sanda, sannan a ɗaura a hankali. Idan an matse da yawa, ƙafar za ta juya da gurnani ta tsaya da wuri, idan kuma an bar ta sakwa-sakwa, za ta riƙa kaɗawa gefe da gefe. Abin da ake nema yana tsakanin biyun: ƙafa ta juya shiru ba tare da kaɗawa ba. Sau da yawa sai an ɗaura an sassauta an sake kafin a dace, kuma wannan ba gazawa ba ce, haka aikin yake ko a hannun ƙwararre.

Kaca, giya da birki

Ana gane kacar da ta ƙare da ma'auni. Daga ƙusa zuwa ƙusa a sabuwar kaca rabin inci ne, saboda haka idan aka ɗora farkon ruler a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata. Idan ƙusar ta zarce alamar da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canza kaca ya yi. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin 8, to, galibi haƙoran baya ma sun ci, kuma sabuwar kaca za ta riƙa tsalle a kansu sai an canza su tare. Wajen sayen kaca a ƙirga faifan haƙoran baya, ko 6 ne ko 7 ko 8, a faɗa wa mai shago, domin kacar keke mai giya ɗaya ta yi kauri. Mai kaɗan ake ɗiga wa kaca, sannan a goge na waje da tsumma. Baƙin mai da ake labta mata yana tara ƙurar hunturu ne kawai, ƙurar kuma ta riƙa cin ƙarfe.

A jikin ƙarfen da ke sauya giyar baya akwai ƙananan sukurori biyu masu haruffa H da L. Mai H yana tsayar da kaca a kan ƙaramin faifai kada ta faɗo waje, mai L kuma yana tsayar da ita a kan babban faifai kada ta faɗa cikin wayoyin ƙafa. Na biyun ya fi haɗari, domin kacar da ta shiga wayoyi tana iya tsayar da ƙafa nan take ta kayar da mahayi.

Wayoyin birki da robobinsa a canza su gaba ɗaya, ko da sun yi kama da masu lafiya, saboda tsohuwar roba takan taurare ta daina kama rim. A saita robar ta zauna a kan rim sosai, kada ta taɓa taya, kuma kada mai ko giris ya kusanci wurin. Tsofaffin kekunan suna da birki mai gajerun hannuwa biyu da waya ta haɗa su a sama. A 1996 kamfanin Shimano ya yaɗa wani iri mai dogayen hannuwa da ake kira V-brake, wanda ya fi sauƙin saiti. Wanda ke son komawa wannan iri dole ne ya canza har da maɓallan hannu, domin tsofaffin ba sa jan waya da tsawon da sabon birkin ke bukata.

Taya da gyara zuwa bukata

A gefen taya akwai lambobi irin su 26 x 1.95, wani lokaci kuma da 50-559. Lambar 559 ita ce faɗin da'irar rim a milimita, daga wannan gefe zuwa wancan ta tsakiyar ƙafa, kuma ita ce abin dogaro, domin akwai tayoyin da aka rubuta musu 26 amma ba sa hawa rim ɗin keken dutse. Mai yawan bin kwalta ya sayi taya mai ƙananan zane, mai bin rairayi da gona kuma ya sayi mai faɗi mai ƙuraje. A ƙasar da ƙaya da tsidau suka yi yawa, wasu kan yanka tsohon tif, wato robar ciki mai riƙe iska, su shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif domin rage faci.

Sai bayan duk wannan ake zancen ado. Tsayin sirdi ana saita shi ne ta yadda idan mahayi ya ɗora dunduniya a kan fedar da ke ƙasa ƙafarsa za ta miƙe, kuma kada a ɗaga sandar ta wuce layin da aka zana a jikinta. Wanda bayansa ke ciwo ya sa kai mai ɗan tashi domin ya zauna a miƙe. Yawancin tsofaffin firam suna da ƙananan ramuka kusa da cibiyar baya, inda ake ɗaura kariya, wato mazaunin kaya, da madigadi, kuma da su keken zai iya ɗaukar buhun taki ko jarkar ruwa. Mai sa doguwar riga ya nemi murfin kaca. Ƙararrawa da fitila da abin ƙyalli na baya sun fi duk wani kwalliya muhimmanci ga mai dawowa bayan magariba.

Idan fentin asali bai lalace sosai ba, wanki da gogewa sun isa, kuma keken ya fi daraja da sunan kamfaninsa a jiki. Idan kuwa sai an yi fenti, a goge tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya fito, a toshe ramukan haƙori da takarda, a fara da fentin hana tsatsa, sannan a fesa launi sama-sama sau biyu ko uku, ana bari kowanne ya bushe, a ranar da ba iska ba ƙura.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya sami keke a unguwarsu, ya kwafo lambobin da ke gefen tayarsa a littafinsa, sannan ya ƙirga haƙoran faifan gaba da na baya. Idan na gaba 48 ne na baya 24, ƙafar baya tana juyawa sau 2 a duk zagayen feda ɗaya, kuma tun da zagayen taya mai inci 26 kimanin mita 2 ne, keken zai ci kimanin mita 4. A lissafa nisan da zai ci idan aka mayar da kaca kan haƙora 28 a gaba da 28 a baya, a zo da amsar a zama na gaba tare da bayanin wace giya ce ta dace da hawan tudu.