Yadda za ka gane kalmar instability ka kuma yi amfani da ita daidai

A Turanci instability suna ne, kuma yana nufin halin da abu ke ciki idan bai zauna daram ba: bai faɗi ba tukuna, amma ƙaramin abu na iya kifar da shi. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan ita ce tangal-tangal. Tushenta Latin ne, stabilis, daga stare mai ma'anar tsayawa, sai aka liƙa mata in- na korewa a gaba. Gaɓoɓinta biyar ne, in-sta-bi-li-ty, kuma a kan ta uku ake danna murya. Gaɓar sta gajeriya ce, ba a jan ta kamar ta stable.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne sunan da in- yake farawa, sifar kuwa da un-. Ana cewa unstable government, ana cewa instability in the government, amma kada ka rubuta unstability, kada kuma ka ce an instability government, don ka ajiye suna a gurbin sifa. Aikatau shi ne destabilize, a Birtaniya kuma an fi rubuta shi da s, wato destabilise. A yawancin jimloli ba a sa an na Turanci a gaban instability, ba a kuma yi mata jam'i. In kana nufin wani lokaci na musamman, ka ce a period of instability. Sunan wuri yana zuwa bayan in na Turanci, abin da ke girgiɗi kuma bayan of, kamar the instability of the bridge.

Wajen fassara, ka fara duba fannin da ake magana a kai kafin ka zaɓi kalma. Political instability shi ne gwamnati ta kasa ɗorewa: juyin mulki, rushewar ƙawancen jam'iyyu, sauya firaminista a kai a kai. Sau da yawa ana fassara shi da rashin tsaro, kuma wannan kuskure ne mai ɓatar da mai karatu, domin rashin tsaro insecurity ne. Italiya ta yi gwamnatoci sama da 60 tun daga 1946 ba tare da ƙasar na cikin yaƙi ba. A irin wannan, rashin ɗorewar gwamnati ko tangal-tangal ɗin siyasa ya fi dacewa. Tarzoma a tituna unrest ce, rashin sanin abin da gobe za ta haifar kuma uncertainty. A harkar kuɗi, hawa da saukar farashi cikin sauri volatility ne, instability kuwa ya fi nauyi, yana nuna tsarin ne gaba ɗaya ke neman rushewa.

A asibiti sai an yi hattara sosai. Shoulder instability kafaɗa ce mai yawan gocewa saboda jijiyoyin da ke riƙe ta sun saki. Idan likita ya ce mara lafiya unstable ne, yana maganar bugun zuciya, numfashi ko ƙarfin gudun jini da ba su daidaita ba, ba ƙwaƙwalwarsa ba. Mental instability kuwa furuci ne mai zafi, kada ka mayar da shi hauka, kada kuma ka jingina shi ga mutum in ba likita ne ya faɗa ba.

Masana yanayi na amfani da kalmar idan iska mai ɗumi da laima ta ƙasa tana ta hawa cikin mai sanyi ta sama, abin da ke haɗa hadari da tsawa. A kimiyyar ƙwayar zarra, unstable na nufin ƙwayar da ke rikiɗewa da kanta, kamar carbon-14, wani nau'in sinadarin carbon da rabinsa ke ƙarewa cikin kimanin shekara 5,730. A rubutun kimiyya da injiniyanci irin wannan ne za ka ci karo da jam'in instabilities, saboda ana lissafa nau'o'insa ɗaya bayan ɗaya.