Yadda na gyara rikicewar fagen yaƙi a zauren wasanmu na WhatsApp

Wasan na labari ne: kowa na da jarumin da yake rubuta abin da zai yi, ni kuma nake jan ragamar wasan. Tushen matsalar sabis ne. 'Yan wasa shida, warwatse a ƙauyukan Ringim da Taura, saƙon wani sai ya maƙale, ya iso bayan an kashe dodon da yake sara. Sai musu ya tashi.

Na daina bin wanda ya riga turawa. Kafin a gwabza nakan jefa wa kowa ƙwayar lido, mai babbar lamba ya fara, jerin kuma ba ya canzawa. Kowa niyyar jaruminsa kawai zai rubuta: "na kai masa sara a kafaɗa", ba "na sare shi" ba. Hukunci nawa ne: in na jefa ƙwayar ta ba da 4 zuwa 6 ya samu, a cire wa abokin gaba rai 3 (makin ƙarfinsa), ƙasa da haka ya kuskure. Wannan ƙa'idar ta fi komai kashe rigima.

'Yan fashi goma da ake yaƙa da su a wasan, na haɗe su gida biyu, kowane gida da rai 15, kada lissafi ya cinye dare. Bayan kowane zagaye ina maƙala saƙo a saman zaure: wa ke ina, ransa nawa ya rage.

Wanda cajinsa ya ƙare ko noma ya riƙe shi, ana jiransa zuwa isha'in gobe. In shiru, jaruminsa ya kare kansa, a wuce.