Kafin ka sayi monita don gyaran hoto

'Yan uwa masu aikin hoto da zane, kar girman allo ya ruɗe ku. Fara tambayar irin fuskarsa: IPS za ka nema, wato fuskar da launinta ba ya sauyawa sosai ko ta gefe ka kalle ta. Mai fuskar TN na da araha, amma da ka ɗan karkata kai launi ya sauya, fatar mutum ta yi duhu a sama ta yi fari a ƙasa.

Sai launi. Monitan da ke nuna kashi 99 zuwa 100 na sRGB, wato ma'aunin launukan da intanet ke amfani da shi, ya isa ga hoton da zai hau intanet. Adobe RGB, ma'aunin da ya fi shi yalwar launuka, na masu buga aiki a takarda ne, kuma kuɗinsa ba wasa. Wajen yawan ɗigon allo (pixel), a inci 27 nemi 2560×1440. 1920×1080 ya fi dacewa da inci 24. Su 144Hz ɗin nan, wato saurin sabunta hoto a allo, na 'yan gem ne, ba ruwanka da su. Dell UltraSharp, ASUS ProArt da BenQ PD duk don wannan aiki aka yi su.

Inda aka fi faɗuwa shi ne haske. Monita kan zo daga kamfani da haske fiye da kima, sai ka riƙa rage hasken hoto, in an wanke ya fito duhu, ka ɗora wa mai wanki laifi. A saitin monitan, sauke haskensa zuwa wajen 120 cd/m² (ma'aunin haske), farinsa 6500K (farin hasken rana), gamma (yadda duhu ke hawa zuwa haske) 2.2. In da hali, a daidaita shi da na'urar auna launin allo irin Datacolor Spyder. Ido yana saba wa kuskure.

In na hannu ne, cika allon da fari, da baƙi, da ruwan toka kafin ka biya. Nan matattun ɗigo da rawaya a gefe ke bayyana.