Kurakuran da muke yawan yi a taron masu haɗa gem, da yadda za mu gyara

Na jima ina zuwa irin waɗannan tarukan namu na masu haɗa gem, daga ƴar haɗuwar ƙarshen wata da muke yi mu goma sha a ɗaki guda har zuwa Global Game Jam, taron duniya da ake haɗuwa tim-tim a haɗa gem cikin kwana biyu, da ake yi duk watan Janairu, kuma wallahi kusan abu ɗaya nake gani yana maimaituwa, shi ya sa na ce bari in faɗa ko wani ƙaninmu zai amfana.

Babban cikinsu shi ne ɓoye abin da kake haɗawa. Sai ka ga yaro ya zo da laftof ɗinsa a jaka, ka tambaye shi me kake yi yanzu, ya ce akwai wani abu dai amma ba zan faɗa ba kar a sace min. Ɗan uwa wa zai sace? Kowa a ɗakin nan yana da nasa tunanin guda biyar da ya kasa gamawa. Abin da ke da wuya shi ne ka zauna wata shida kana gyara tsallen ɗan wasanka har ya yi daɗi a hannu, wannan kuma ba a sace shi. Fito da shi ko da akwatuna ne kawai ke yawo a allo babu zane babu sauti, ka miƙa wa mutum wayar.

To in ka miƙa kuma ka yi shiru, nan ne wurin da ya fi ba ni tausayi. Na taɓa zama kusa da wani da ya haɗa dara a waya, ya yi kyau sosai har da ramukan ƙasa ya zana, wata ƴar uwa ta karɓa za ta gwada, ta yi ta danna tsinken ba ya motsi saboda shi ja ake yi ba dannawa ba. Kafin ta gane ya fizge wayar yana cewa a'a ba haka ake yi ba, kawo in nuna miki. Ai shi kenan ya yi asarar abin da ya kawo shi. Ranar da gem ɗin ya hau Play Store ba ka nan a gefen kowa balle ka yi masa bayani. Naɗe hannunka ka kalli yatsunta, inda ta tsaya tana kame-kame ka rubuta a takarda, in ta gama ka tambaye ta me ta zata zai faru da ta danna. Mutum uku suka maƙale a wuri ɗaya, to matsalar daga wajenka take.

Sai zancen ɗaukar dala ba gammo a lokacin jam. Awa 48 ne fa, a ciki za a yi barci a yi sallah a ci abinci, NEPA ma ta ɗauki nata rabon, amma sai ka ji tim ta ce za ta yi irin GTA, katafaren gem ɗin nan na yawo a gari, a cikin birnin Kano da adaidaita da kasuwar Kwari da komai. Ranar Lahadi da yamma ko taswira ba su gama ba. Ku zaɓi abu ɗaya tak da ɗan wasa zai riƙa yi, misali langa, tsalle da ƙafa ɗaya da ture abokin karawa, ku tabbatar ana iya buga shi daga farko har ƙarshe kafin daren Asabar, sauran lokacin a yi kwalliya. Kuma ku gwada fitar da fayil ɗin gem ɗin da za a sa a waya ko kwamfuta tun da wuri, don a nan ne abubuwa ke watsewa ana saura minti talatin.

Dan Allah a sauke Unity ko Godot, manhajojin da ake haɗa gem da su, tun daga gida. Unity na cin gigabait da yawa musamman in ka haɗa da kayan Android, intanet ɗin wajen taro kuma mutum ashirin ke rabawa. Mai ƙaramar kwamfuta ya ɗauki Godot, kyauta ne kuma ba nauyi. Ka zo da cajarka da wayar jona wuta mai baki da yawa, ku buɗe GitHub ɗinku, shafin da tim ke ajiye kod tare, tun kafin a fara.

Wani abin kuma, masu rubuta kod su haɗe kansu su biyar a tebur guda, mai zane yana can gefe shi kaɗai ba wanda ya kula shi, mai haɗa sauti ma ba a gayyato shi ba sam, alhali garin nan cike yake da yaran situdiyo da suka iya kiɗa. Ku shugabannin ƙungiya wannan naku ne, ku raba mutane da kanku, kuma ku duba lokacin da kuke sa taro. In kun sa bayan magariba yawancin ƴan uwanmu mata ba za su samu zuwa ba, sannan a dawo ana cewa mata ba su da sha'awar harkar. Asabar da hantsi a tashi kafin la'asar ya fi.

Bayan an watse kuwa, karɓar lamba ashirin ba ta da amfani in ba ka tuntuɓi kowa ba. Zaɓi mutum biyu ko uku, washegari ka tura musu saƙo a WhatsApp ka ambaci abin da kuka tattauna, ka tura gyaran da ka yi saboda shawararsu. Za ka buƙace su ma nan gaba, domin sabon asusun mutum ɗaya a Google Play bayan dala 25 ta rajista sai ka samu masu gwaji 12 sun riƙe gem ɗinka kwana 14 kafin a bar ka ka sake shi ga jama'a, kuma a wajen waɗannan mutanen za ka same su. Kafin nan ɗora abin da kuka yi a itch.io, shafin da masu haɗa gem ke ɗora aikinsu, ko bai kammala ba, ka tura a guruf, ka ce wa zai gwada min kafin haɗuwar wata mai zuwa.