Yadda ake haɗa rukunin bita da ba zai koma fadar shayi ba

Duk shekara ina kallon abin nan a unguwarmu ta Zariya, a nan Maraɗi. Ana komawa lakkwal a Oktoba, masu shirin BEPC (jarrabawar gama kwaleji) ko bak (ta gama lise) su yi karo-karo su sayi allo, kafin sanyin Disamba ya shigo an kwantar da allon ana jera kofunan shayi a kai.

Fara da zaɓen mutane, don nan ne ake faɗuwa. Huɗu, iyaka biyar. Kada kunya ta sa ka kwaso ƴan fadarku. Ni na yi wannan kuskuren a ajin ƙarshe na lise, na saka aminina. Ba mugu ba ne, amma zuciyarsa ta riga ta tafi fatauci Jibiya. Kullum zancensa nawa ɗan kabu-kabu ke samu a yini, da wane da ya gama jami'a yana zaune gida. Bai taɓa ce mini in bar karatu ba. Wata biyu kawai, sai ga ni ina buɗe littafi ina jin ɓata lokaci nake. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Ka nemi wanda in ya samu 8 bisa 20 yake kasa barci, ko da bai kai ka ƙoƙari ba. Ya fi mai 16 da zai zo nuna kansa.

Sai alli. Gwanin lissafi ba ya riƙe alli, ban yarda ba. Mafi rauni ke hawa allo, sauran su kame baki har sai ya tsaya da kansa. Wanda ya yi dariya shi zai sayi allin mako, don dariya ɗaya ta isa ta hana yaro tambaya har ranar jarrabawa. (Allon kuwa, falange ne da baƙin fenti, kafintan unguwa zai yi muku da araha.)

Ku zauna a zauren da maigida ke ratsawa, bayan isha'i, awa biyu. Wayoyi cikin kwano ɗaya. Ku tanadi fitila mai caji saboda ɗauke wutar bazara. Daga Afrilu tsofaffin tambayoyin jarrabawa kawai, da agogo a gefe. Shayi sai an goge allo.