Yadda malami zai karantar da babin janaba da haila a makarantar gwamnati

A makarantun franco-arabe (masu koyarwa da faransanci da larabci) na Tawa a Nijar, gardama takan tashi ne ranar da karatu ya kai babin tsarki, ko ƙissar Annabi Yusuf da matar Azizu, aya ta 23 zuwa 34 a Suratu Yusuf. Wasu iyaye su ce ana buɗe wa yara ido. Amma tsallake babin ya fi illa: yarinyar da ta ga jini tana shekara 12 ba ta san wankan haila ba, sallarta ce za ta lalace.

Malam, fara da sanar da darakta, sannan iyaye a taron COGES (kwamitin kula da makaranta), mako biyu kafin darasin. Je da littafin fiƙihu a hannu, Ahalari ko Risala, ka buɗe shafin a gabansu. Yawancinsu sun karanta shi a zaure.

Ƴan CE1 da CE2 (aji uku da huɗu na firamare) alwala da najasa sun ishe su, sai aya ta 58 a Suratun Nur kan neman izinin shiga ɗaki a lokuta uku: kafin asuba, da ƙailula, da bayan isha'i. Alamomin balaga da wanka sai CM2 (aji shida). A ranar a raba aji, malama ta ɗauki mata. Kada a taɓa kiran yarinya da suna a tambaye ta ko ta fara al'ada.

Inda aka fi zamewa shi ne lafazi. Alƙur'ani da kinaya yake magana: a Baƙara 187 ya ce mata tufa ne gare ku, ku ma tufa ne gare su. Bi wannan sawu, ka ce saduwa, mafarki, al'ada. A ƙissar Yusuf ka tsaya kan nassi: ƙofofin da aka kulle, "Ma'azallah" da ya faɗa, rigar da ta yage ta baya. Ƙarin gishirin masu labari, wanda ayar ba ta kawo ba, shi yara ke kaiwa gida, shi ke kawo uba bakin lakwal da safe.

In dariya ta ɓarke, kada ka ɗaga bulala. Karanta musu yadda Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah (SAW) kan mafarkin mace, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya. Ajiye kwali a bayan aji, mai tambaya ya jefa takarda ba suna, ka amsa a darasi na gaba.