Ku kula da "no doubt" a jimla

'Yan uwa masu koyon Turanci, musamman ɗalibanmu masu shirin WAEC da NECO, ku kula da "no doubt" sosai fa, don da yawa suna ɗauka ko yaushe tana nufin tabbas ɗari bisa ɗari, alhali in ta zo ita kaɗai ƙarfinta yakan ragu. Bature in ya ce "No doubt he will come", kyautata zato kawai ya yi cewa mutumin zai zo, bai kai ga rantsuwa ba.

To in kana so ka nuna babu ko tantama sai ka ce "There is no doubt that he will come", ko ka ɗauko "without a doubt" wadda take zama a farko ko tsakiya ko ƙarshen jimla, misali "She is without a doubt the best in our class".

Sannan b ɗin nan ba a furta shi, daut ake cewa, wallahi yana damuna in na ji yara suna ta fama da shi a aji. A hira da abokai "for sure" ma ta wadatar, amma kar ka sa ta a takardar neman aiki.